Kyamarar da na kai wa Inna

Ni ne ɗan farin Inna, don haka tun da na yi wayo ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma taɓa dubana ido cikin ido ba. In na shiga gaishe ta, tabarma take kallo tana amsawa. Haka ake yi a gidanmu, ban taɓa jin haushi ba. Sai da na zama mai hoto a Daura, na ɗauki rabin garin nan, masu kyau da masu kyan hali, sannan na lura ba ni da hoton uwata ko ɗaya.

Wata Laraba da damina, tun kafin waya mai hoto ta cika gari, autarmu ta aiko direba ya gaya mini jikin Inna ya yi tsanani a ƙauyenmu, gaba da Baure. Na jefa babbar kyamarar aikina a jaka, na tsaya ina duban guda biyu da nake ajiyewa don ko-ta-kwana. Ɗaya tsohuwa ce ta ƙarfe, ba ta cin batir, amma sai ka kafa ido kana murɗawa har fuskar mutum ta fito tar, ka ja fim da babban yatsa. Ɗayar ta roba ce, ita ke yi wa kanta komai, kowa ya danna za ta ɗauka. Sai dai batirinta sai Kano, kuma ta taɓa mutuwa a hannuna ana tsakiyar walima. Tsoron batir ya sa na ɗauki ta ƙarfen. Tunanin sana'a na yi, ban tuna wurin wa za ni ba.

Daga Baure na hau babur. Ruwa ya kama mu, muka zame a wani rafi, jakar ta nutse. Babbar kyamarar, wadda ita ma da batir take aiki, ko motsi ta ƙi yi. Ta ƙarfen tana cikin leda a ƙarƙashin rigata, ita kaɗai ta rage mini.

Na tarar Inna ta rame har na ji tsoron kallonta. Washegari da hantsi aka fito da ita tsakar gida ta sha rana. Autar ta tsuguna kusa da ita ta ce, "Inna, Yaya zai ɗauke ki hoto, saboda jikoki."

"To," in ji ta. "Sau ɗaya dai."

Na durƙusa, na kai kyamara ido, na fara murɗawa. Ta cikin gilashin na ga ta juya ga bango, ta ja mayafi. Na jira. Ba ta juyo ba, na kuwa san ba za ta juyo ba muddin ni ne a gabanta. Da ta robar na ɗauko, da tuni na miƙa wa autar, wadda Inna ke kallo har da dariya.

Sai na daidaita komai a kan gefen mayafin, na ja layi a ƙasa da yatsa, na durƙusar da autar a kansa. Na ce, "Kada ki matsa ko kaɗan. Riƙe numfashi, ki danna nan."

"Yaya, in na ɓata fa?"

"Ke dai danna."

Na fice zaure, na tsaya ina saurare. Can na ji ƙarar, ƙas, sau ɗaya.

Bayan kwana huɗu Inna ta rasu. Har aka yi sadakar bakwai fim ɗin yana aljihuna, ina taɓa shi kamar mai ciwon haƙori. Ko danshi ya shiga? Ko fim bai kama ba tun farko? Ko hannun yarinyar ya girgiza? A da, direba nake ba wa fim ya kai wanki Kano. Wannan karon da kaina na je, na zauna a bencin mai wankin ina jira.

Ya miƙo mini ambulan, na fita waje kafin na buɗe. Hoton ya fito, har zanen fuskarta ana gani. Ta sauke mayafin. Amma ba autar take kallo ba. Ta karkata kai, idonta a buɗe sosai, tana duban ƙofar zauren da na bi na fita.