Gangar ruwan Yaya Hajara

Shekara biyar ke nan da muka binne yayata Hajara, ni kuwa har yau ina tsaron gangar ruwan da ta bari a bayan ɗaki.

Furanni ne suka ja. Wata Bahabashiya mai zuwa yankan riɗi a gonakin Fashaga ta kawo mata rassa uku na furen da ake kira hortansiya: shuɗiya, ja-ja da fara. Kowa ya yi mata dariya, ni a kan gaba. Tsiron ƙasar sanyi a garinmu Gadarif, inda ƙasa ke tsagewa har ƙafar akuya ta faɗa? Yaya ba ta kula mu ba. Ta dasa su a tukwane ƙarƙashin darbejiya, ta gano ruwan da 'yan amalanke ke sayarwa yana ƙone musu ganye, don haka kowace damina takan cika ganga da ruwan sama domin su kaɗai. Shuɗiyar ta fi shagwaɓa, sai an haɗa mata da tukar shayi. Ranar da ta fara fure, Yaya ta kira ni ta ce, "Yi dariyar yanzu mu gani."

Ja-jar da farar sun mutu a hannuna. Saura shuɗiyar.

Yanzu yaƙi ya koro mana dangi daga Khartum, gida ya cika har zaure. Famfo ya ƙafe, mai amalanke sai ya yi kwana uku bai leƙo layinmu ba. Na sa wa gangar kwaɗo, kuma ina jin kunyar kaina duk lokacin da makullin ya motsa a aljihuna.

Shekaranjiya Goggo Asabe, ƙanwar mahaifinmu, ta tare ni, jikarta mai gudawa a goye. "Ya waladi, ɗana, moya babu, ruwa ya ƙare. Yarinyar nan ko kuka ta kasa. Ganye za ka shayar?"

Na tsaya ina tunanin abin da Yaya za ta ce. Ƙarya nake yi wa kaina, na san amsar. Matar da ta raini reshe kamar jinjiri ba za ta bar jinjiri da ƙishi ba. Na miƙa makullin.

Ruwan gangar ya sauka zuwa rabi yau, damina kuwa da saura. Shuɗiyar ta sunkuyar da kai, ganyenta na zuba, ban san yadda zan cece ta ba. Abin da ya rage mini shi ne in yi alwala a kan tukunyarta sau biyar a rana, da ruwan amalanken da na san yana ƙone ta. Yarinyar ta fara kuka jiya. Yaya, ki yafe mini.