Jirgin da Orval Dettmer Bai Tashi da Shi Ba

Shekara arba'in da ɗaya muna tare da Orval Dettmer, ban taɓa jin ya ce wa kowa sannu da aiki ba. Mai gyaran injinan tatsar shanu ne, gajere, mai saurin fushi, bakinsa kamar reza. Amma da matata ta kwanta ciwon ajali, shi ke kwashe min dusar ƙanƙara daga ƙofa kowace safiya, ya gudu kafin in fito don kada in gode masa. Abokina ke nan, kuma ina kewarsa kullum.

Shekara goma sha huɗu ya yi yana haɗa jirginsa a gareji, ɗan jirgin sama na tsere mai kujera ɗaya, na katako da yadi. Ni ke riƙe masa katako idan zai sa gam, yana zagina wai hannuna na rawa kamar na mashayi.

A ƙungiyarmu ta masu haɗa jirgi a gida, ba a rufe fiffike da yadi sai gwani ya leƙa ciki ya sa hannu. Gwaninmu Harlan Vosberg ne, tsohon matuƙi mai ji da kai. Ranar da ya zo dubawa, ko tabarau bai sa ba, ya shinshina gwangwanin gam, ya ce a gaban mutane wannan ko akurkin kaji ba zai riƙe ba. Orval ya kore shi da tsintsiya, ya rufe fiffikensa ba sa hannun kowa. Tun daga nan, wajen taron cin fanke da shan kofi da ƙungiya ke yi duk Asabar, suke kiran jirgin akwatin gawar Orval.

Zuciyar Orval ta tsaya a watan Maris, ya rasu. Fenti kawai ya rage a gama jirgin.

Ɗansa Dwight ya zo daga birni da shawarar lauya. Wai sunan ubansa ne a jikin jirgin, duk wanda ya tashi da shi ya faɗo, su za a maka a kotu, don haka yankawa za a yi. Na roƙe shi har da hawaye. Da ƙyar ya ce idan gwanin ƙungiya ya ba da shaida a rubuce cewa aikin lafiya yake, zai bar wa ƙungiya shi.

Na haɗiye girmana na je wurin Harlan a taron Asabar. Na ce a tsaga yadin kamar tafin hannu, ya leƙa da tocila da madubi, aikin rabin awa ne.

"Merle," in ji shi, "wanda ya kore ni da tsintsiya yana raye, ba zan bi shi da tocila yana kabari ba."

Sauran 'yan ƙungiya kowa ya kama kallon kofinsa.

Ranar Asabar ta gaba da hantsi Dwight ya ta da zarton inji. Harlan ya zo kallo, bai ji kunya ba. Da fiffiken ya rabu biyu, kowa ya ga cikinsa tsaf, babu ko ɗigon gam da ya zarce wurinsa. Harlan ya ɗauki wani yanki ya murɗa da iya ƙarfinsa. Katakon ya karye ta wani wuri, amma mahaɗar ko motsi ba ta yi ba. Ya daɗe yana juya shi, sannan ya roƙi Dwight ya ba shi, wai zai riƙa nuna wa sababbin shiga yadda ake aiki.

"Ajiye wa Orval kayansa," na ce wa Harlan. "Da reza ɗaya ka isa ka san haka makon jiya."

Dwight ya ce, "Kawu Merle, bar shi mana, ai itacen wuta ne yanzu."

An ce sun rataye yankin a rumfar ƙungiya, da sunan Orval a ƙasa. Ban je na gani ba, ba kuma zan je ba. Sau biyu Harlan yana zuwa ƙofata yana ƙwanƙwasawa. Ina zaune a ciki ina jinsa, har ya gaji ya tafi.