Ranar da Muka Ɗauki Tukunyar Inna a Ka

Na yi fatauci iri-iri a rayuwata, na ci riba na kuma faɗi, yawancinsu sun shuɗe a raina kamar hayaƙi. Amma akwai wata safiya ta bazara a Filinge wadda har in koma ga Mahaliccina ba za ta fita daga kaina ba. Ita ce safiyar da mu 'yan kasuwa, da alhazanmu da tsofaffinmu, muka yi dakon tukunyar giya.

Zamanin soja ne, shekarar da ta biyo bayan babbar yunwa. A lokacin ina sayar da hatsi da fatu, na samu rumfa tawa bayan na daɗe ina bin jakin wani. Muna da ƙungiya ta 'yan kasuwar unguwarmu, ba ta da ofis ba ta da takarda, inuwar wani gawo ce majalisarmu. Aikinta ɗaya ne: mu riƙe masu sana'ar hannu kada su watse. Wanda ya tafi Yamai zai ɗoro wa maƙera tsofaffin ƙarafa a kan kayansa. Mai zuwa kasuwar Abala ya zo wa majema da bagaruwa. Ranar Lahadi kuwa kowane mai rumfa zai ba wani mai sana'a gefe ya baza hauyoyinsa ko tabarminsa. Idan aiki ya fi ƙarfin mutum ɗaya, sai mu yi masa gayya. Ba don tsabar kirki muke yi ba, ni dai na san haka: manomin da ya zo sayen hauya shi ne zai tsaya ya sayar mini da gero.

Akwai wata tsohuwa a wani ƙauyen arna da ke bayan tudu, kowa Inna yake ce mata. Ita ke dafa giyar dawa, kuma gidansu ne tun kakanni ke dafa wadda ake zubawa a wurin roƙon ruwa kafin damina. Ni ban taɓa kai ta bakina ba, amma ni nake sayar mata da dawa, dusar da ta tace kuma ragunana ke ci. Da yunwa ta yi tsanani aka hana dafa giya da hatsi, sai Inna ta sa aka kawo manyan tukwanenta bakin unguwarmu. Da su aka riƙa dama kunun taimako ga mutanen da suka gudo daga arewa, safe da yamma, har wuta ta cinye gindinsu suka tsage ɗaya bayan ɗaya.

Da abinci ya dawo aka ɗage hanin, Inna ba ta da abin dafawa. Dattawan ƙauyensu kuma suka ce mata in ba ta dafa giyar roƙon ruwa ta bana ba, za su miƙa aikin ga wani gida a wani gari, kuma in ya tafi ba ya dawowa. Masu saye ma can za su bi. Abin da zai rage mata shi ne ta kulle ɗakinta ta tafi Yamai ta zauna a hannun suruki.

Shugabanmu, wani dattijo mai sayar da yadi da muke kira Farzidan, shi ya kawo maganar a gindin gawo. Nan take wani daga cikinmu, Alhaji mai gishiri, ya miƙe.

"Ni hwa ba ni ciki," in ji shi. "Mu da munka je Makka mu koma gina ma arna tukunyar giya? Mi za mu ce ma Allah?"

Farzidan ya dube shi a hankali. "Alhaji, kunun da ɗiyan ƙanwarka sunka sha bara, cikin mi anka dama shi?"

"Wancan daban."

"To, wancan ɗin muka biya. Tukunya tata ta mutu wurin aikinmu, mu mai da mata tukunya. Abin da za ta zuba ciki, tsakaninta da Mai sama."

Alhaji ya kaɗe rigarsa ya ce shi dai ko yumɓu ba zai taɓa ba. Aka bar shi.

Muka yi gayya muka haƙo yumɓu a fadama, muka tara kara da busasshen kashin shanu. Maginiyar unguwarmu, mace marar yawan magana, ta gina manya guda uku, kowace mutum zai iya tsugunawa a ciki. Da aka gasa, biyu suka fashe a wuta. Ɗaya ta fita lafiya, ja wur, da baƙin tabo a kafaɗarta kamar girgije. Yumɓu mai kyau ya ƙare, lokaci ma ya ƙure, don hadari ya fara leƙowa daga gabas da yamma-yamma.

Ni kuma, da dabarata ta ɗan kasuwa, na samo mota. Wani abokina mai bashe, ƙaramar motar kaya, ya yarda ya kai ta. Na shimfiɗa kara da tsofaffin buhuna a baya, ina jin daɗin kaina. Da sassafe muka taru a wurin gashi, toka tana tururi. Sai ga Inna ta iso da sandarta. Ta dubi motar, ta dube ni, ta yi dariya har ta riƙe ciki.

"Ɗana, wanga mi na?"

"Mota ce, Inna. Kafin rana ta yi zafi tukunyarki na gida."

"Aradu, da ta hau ƙarhe gara ka hwasa ta nan in gani. Wagga tukunya daga toka sai kai, daga kai sai murhu. Ba ta hawa ƙarhe, ba ta hawa dabba, ba ta taɓa ƙasa bisa hanya. In ta taɓa, ta zama randar ruwa."

Duk shekarun da muka yi muna ciniki da ita, babu wanda ya san wannan a cikinmu, don babu wanda ya taɓa tambaya. Na ce to ina mazan ƙauyensu? Ta buɗe hannu. Masu ƙarfi duk sun tafi cirani tun yunwa, wasu Abijan wasu Legas, sai tsofaffi da mata masu goyo.

Farzidan ya cire hularsa ya sa a aljihu. "To, mu na mazan," in ji shi.

Maginiya ta naɗa gammo. Wani mahauci ƙaƙƙarfa ya fara durƙusawa, mutum huɗu suka ɗaga ta daga toka suka aza masa, biyu suka riƙe gefe da gefe. Haka muka kama hanya, Inna a gaba tana dogara sanda.

Har yau in na rufe ido ina ganin hanyar nan. Rana ta fito a bayan goriba, inuwarmu ta miƙe doguwa a kan rairayi, inuwar mutum mai ƙaton kai. Duwatsun bakin fadama sun yi ja kamar su ma yanzu aka fito da su daga wuta. In wuyan mutum ya gaji sai ya ce "a karɓa", wani ya sunkuya a gabansa, a zame tukunyar daga kai zuwa kai a hankali, kamar ana miƙa jariri. Wasu Fulani da ke kora shanu suka tsaya suna kallonmu, shanun ma suka tsaya.

Da aka zo kaina, abin da ya fara ba ni mamaki ɗuminta ne. Wutar jiya ba ta gama fita daga jikinta ba, ta ratsa gammon ta sauko mini har ƙeya. Sai kuma sautin. Iska in ta bi ta bakin tukunyar sai ta yi wani gunji siriri, ni kaɗai nake jin sa a cikin ƙashin kaina, kamar ana kiɗa a wani gari mai nisa. Na daina jin ƙafafuna. Na ga kamar ba mu ke tafiya ba, ƙasar ce ke zamewa a ƙarƙashinmu, gawo na wucewa, gonakin da ba a shuka ba suna wucewa. Na tuna uwata tana dawowa daga rijiya da tulu, ina riƙe da gefen zanenta. Ni da kullum kaina ke cike da farashin buhu, ranar babu komai a cikinsa sai wannan gunji.

Can na lura da wani a bayanmu, nesa kaɗan, a kan jaki. Alhaji mai gishiri ne. Mahauci ya ɗaga murya: "Alhaji, ka ɓace hanya? Makka gabas take!"

"Ku dai yi ta kanku," in ji shi. "Na zaka in ga inda za ku hwasa ta."

Wahalar tana gaban ƙauyen. Akwai wani hawa na rairayi mai laushi, ƙafa na nutsewa har idon sawu. Rana ta riga ta take. Kowa ya ɗauka sau biyu ko fiye, wuyan mahauci ya ƙage, Farzidan yana haki har muka zaunar da shi. Tukunyar ta sake dawowa kaina a tsakiyar hawan. Na yi 'yan taku, gumi ya jiƙa gammon ya warware, na ji tana sulɓewa ta baya. Na ce "a karɓa", muryata ba ta fita sosai ba. Masu riƙe gefe suka tallafe ta da ƙirji, amma babu wanda ya rage da wuyan da zai shiga ƙarƙashi. Inna ta juyo, ta saki sandarta. Fuskarta kawai na gani.

Sai na ji mutum ya ture ni da kafaɗa. Alhaji ne. Ban ga saukarsa daga jaki ba. Ya warware rawaninsa, ya murɗe shi ya yi gammo, ya durƙusa a rairayi.

"Ku aza, ku aza! Mi kuke kallo?"

Aka aza masa. Ya miƙe a hankali, jijiyoyin wuyansa sun tashi, ya haura tudun nan bai tsaya ba, yana ta salati. A haka muka shiga ƙauyen, tsofaffin mata suna guɗa. Shi da kansa ya durƙusa a gaban murhu aka sauke ta a kan duwatsu uku. Inna ta ƙwanƙwasa cikinta da yatsa, ta amsa da ƙara mai tsabta.

"Fofo, Alhaji," in ji ta, da godiya irin ta Zabarmawa. "Fofo, ɗiyana duka."

Alhaji yana kaɗe rawaninsa ya ce, "Ni hwa yumɓu na ɗauka, Inna. Kowa shi shaida, wohi take, ba komi ciki."

"Na shaida," in ji ta. Ta shiga ɗaki ta fito da ƙwaryar fura mai sanyi da ta dama mana tun asuba. Muka zauna a inuwar rumbunta muka sha.

Inna ta dafa giyarta a shekarar, aikin ya zauna a gidansu, ta ci gaba da sana'arta a ƙauyensu har ta rasu a ɗakinta. Daga baya mulki ya koma hannun farar hula, ƙungiyarmu ta samu ofis da hatimi, ni ma na taɓa riƙe ta. Mutane da yawa sun zo mana da niyyar taimakon masu sana'a, kowa da motarsa a shirye, kamar yadda na zo da tawa.

Abin da na koya a kan tudun nan shi nake gaya musu. In za ka taimaki mai sana'a, fara tambayarsa yadda kayansa ke tafiya, don abin da ya fi maka sauƙi yana iya zama shi ne zai kashe masa aiki. Kuma ba sai ka sha abin da maƙwabcinka ke sha ba kafin ka sa wuyanka a ƙarƙashin kayansa.