Ranar da Umma Ta Ce Babu Sauƙi

Shekarar da Umma ta samu shanyewar ɓarin jiki, ni kaɗai na rage a gabanta. Yayyena sun yi aure, ni kuma na gama jami'a ina jiran aiki, ina rubuta waƙoƙin da ba na nuna wa kowa. A Kuje muke zaune, a gidan da Baba ya gina kafin rasuwarsa. Ciwon ya kama hannunta da ƙafarta na dama, bai taɓa bakinta ba. Abin da ya fi damunta shi ne alwala. Ni ke riƙe buta, ni ke wanke mata hannu da ƙafa, ita kuma tana kallon bango har mu gama.

A bayan kasuwa akwai wata ƙaramar cibiya ta gwamnati inda ake gashin ƙashi kyauta. Ɗaki ɗaya ne, da gadaje biyu, da ƙarafan da ake dafawa a koyi tafiya. Rufin yana yoyo, saboda haka bokitai ba sa barin tsakar ɗakin da damina. Mai gashin 'yar Filato ce, kowa Sista yake ce mata. Hausarta ba ta raba mace da namiji.

"Mama, matse hannuna," take cewa. "Kai ne za ka yi, ba ni ba. Matse kamar ni ce na ci maka bashi."

Umma ta yi dariya, ta matse. Sannu a hankali yatsun suka fara jin magana. Wata rana da safe ta ɗaga butar da ba ruwa, ta riƙe ta na ɗan lokaci kafin ta suɓuce. Ranar na ga hasken tagar ɗakinmu ya fi na kullum, ko da yake na san taga ce dai irin ta jiya.

Sai labari ya zo cewa an rage kasafin kuɗin bana. Za a mayar da Sista babban asibiti a cikin gari, a rufe cibiyar. Duk wanda ya taɓa shiga motar haya daga Kuje zuwa cikin gari ya san ba a kai mai shanyewar jiki haka a kai a kai. Sista ta faɗa mana gaskiya, in aka daina gashin, hannun zai koma ya sandare.

Matan da ke jira a kan benci su suka fara motsi. Hajiya, wata tsohuwar shugabar makarantar firamare da ke kawo mijinta, ita ta zama jagora. Akwai kuma Maman 'yan biyu, Bagwariya mai sayar da doya, wadda ke goyon ɗanta da ya isa shiga makaranta amma bai iya zama ba. Aka yi sanarwa a masallaci da coci. Aka kira gidan rediyo a shirin safe. Aka yi ta zarya gidan kansila har matarsa ta san muryoyinmu. Ni aikina rakiya da kiran waya. Daga ƙarshe aka ce darakta daga ofishin da ke kula da cibiyar zai zo ya gani da idonsa.

Abin da muka ji kawai shi ne baƙo zai zo. Hajiya ta sa aka shafe bangon da fenti. Aka ɓoye bokitan yoyo a bayan gida. Aka aro kujerun roba da kanofi, aka fitar da anko, aka dafa shinkafa da kaji, aka haɗa zoɓo. Yara aka yi musu wanka aka sa musu kwalli. Ni na cire labulen ɗakina na rufe tagar da ta fashe, na tsinko furanni a katangar maƙwabta na jera a kan tebur. Sista ta tsaya a bakin ƙofa tana kallonmu.

"Wannan biki ne ko kuka?" ta ce.

Babu wanda ya kula ta, ana ta neman ludayin miya.

Daraktan mutumin kirki ne, mai ladabi. Da ya zo gaban Umma sai da ya durƙusa.

"Mama, ya jiki?"

"Da sauƙi, alhamdulillahi," in ji Umma, hannunta na dama a ɓoye cikin hijabi.

Haka ya bi layi. Kowa da sauƙi. Ya tambayi Hajiya ko akwai wata matsala, ta ce babu komai sai godiya, don tana jiran a gama cin abinci kafin a shiga magana. Kafin a gama ci, an kira shi a waya. Ya miƙe ya yi jawabi, ya ce bai taɓa ganin al'ummar da ta tsaya da ƙafafunta kamar tamu ba, zai ba da misali da mu a wasu wurare. Muka tafa. Aka saka masa kular abinci a mota.

Ba a daɗe ba aka sa wa cibiyar makulli.

Makonnin da suka biyo baya ina ganin yatsun Umma suna lanƙwashewa kaɗan-kaɗan, kamar ganyen da aka cire daga reshe. Ina gwada abin da na ga Sista na yi, amma ina tsoron in ji mata ciwo, ita kuma tana tsoron in gane tana jin ciwon.

Muka sake taruwa a ƙarƙashin bishiyar mangwaro da ke gaban cibiyar, na turo Umma a keken da muka aro. Maman 'yan biyu ce ta fara.

"Mun ba oga shinkafa, shi ya ba mu makulli. Hajiya, ina fentinki? Ya yi wa yarona gashi?"

"To in bar baƙo ya zauna a ƙasa?" in ji Hajiya. "Ba a yi mini wannan tarbiyyar ba."

"Ba baƙo ba ne, Hajiya, mai dubawa ne. Likita ya zo duba ƙurji, kin sa masa hoda."

Aka yi dariya, har Hajiya. Aka yanke shawara mu je ofishin da kanmu, babu anko, babu girki, kuma duk wanda aka tambaya ya faɗi yadda yake. Maman 'yan biyu ta ce sai an gwada tukuna. Ta tura ciki gaba, ta zama oga, ta tsaya gaban wata tsohuwa.

"Mama, ya jiki?"

"Da sauƙi."

"Kash! Sake. Ya jiki?"

"Da sau… wayyo, bakin ne ya saba."

Muka yi ta dariya har da hawaye. Da ta iso kan Umma, Umma ba ta yi dariya ba.

"Ni ba zan kai ƙarar Ubangijina wurin mutum ba," ta ce. "Shi ya ɗora mini, shi ya san lokacin ɗaukewa."

Na tura ta muka koma gida. Ban yi mata gardama ba, don ban iya ba, kuma wani ɓangare na zuciyata yana ganin kyan maganarta.

Ranar Lahadi Sista ta biyo daga coci ta duba Umma. Ta daɗe tana buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, suna komawa.

"Mama, ba Allah ne ya rufe cibiya ba," ta ce. "Mutum ne. In wannan hannu ya ƙara sandarewa, ba zai buɗe ba. Yarinyar nan za ta yi ta riƙe maka buta, ko aiki ya zo, ko miji ya zo."

Umma ta dube ni. Ranar tafiya ofishin, ina shirin fita ni kaɗai, ta ce in miƙo mata hijabinta.

Bas muka ɗauka. A ofishin aka ce oga yana mitin, muka zauna a baranda, masu sanda da masu keke da masu goyo, har ma'aikata suka rasa hanyar wucewa. Da daraktan ya fito ya gane Umma, ya durƙusa kamar wancan karon.

"Mama, ya jiki?"

Umma ta sa hannun hagu cikin hijabi, ta ciro na dama, ta ɗora shi a kan gwiwarta, a dunƙule.

"Babu sauƙi, ɗana," ta ce. "An fara samu, sai aka rufe."

Ya daɗe yana kallon hannun. Maman 'yan biyu ta kwance goyonta ta kwantar da yaron a kan zani a gabansa.

"Amma ranar nan kun ce mini komai lafiya," ya ce.

"Ranar nan kai ne baƙonmu, ranka ya daɗe," in ji Hajiya. "Yau mu ne naka."

A hanyar dawowa leɓɓan Umma ne kawai ke motsi, na matsa na ji istigfari take yi.

Ba mu samu duk abin da muka nema ba. An buɗe cibiyar, amma ranar Laraba kaɗai Sista ke zuwa, layin kuma ya kan kai har gindin mangwaro. Bokitan sun koma tsakar ɗaki, labulena ma na karɓo abina. Ƙafar Umma ba ta dawo sosai ba, kuma yatsunta biyu sun ƙi miƙewa har yau.

Wata rana da la'asar, damina ta kusa wucewa, na cika buta na durƙusa a gabanta kamar kullum. Ta miƙo hannun dama ta kama butar. Ruwa ya ɗan zube a kan zaninta, amma ba ta saki ba.

"Tashi ki ba ni wuri," ta ce.

Na fita na tsaya a bayan ƙofa, ina jin ƙarar ruwa yana sauka a kan siminti.