Askin Ministoci Biyu a Shisha

Baba Uzairu wanzami ne ɗan wanzami. Kakansa ne ya taso daga Katsina da ƙafa, yana aski a hanya yana samun na abinci, har ya iso Makka bayan shekara tara. Shi kuwa Uzairu a unguwar Utaibiyya ta Makka aka haife shi, a nan ya yi aure, a nan matarsa Rabi'a ta rasu ta bar shi. Hausarsa ta Katsinawa ce, sai dai Larabci ya ratsa ta ko'ina.

Shekara arba'in da ɗaya ya yi tsaye a bayan kujera guda, a wani shagon aski da ke unguwar Shisha, kusa da Mina. Mai shagon amininsa ne, da ya rasu ɗansa Sa'ud ya gada. Uzairu ne ya yi wa Sa'ud askin suna, amma shekara uku ke nan yaron bai zauna a kujerarsa ba, sai dai ya lallaɓa wajen samarin shagon masu aski da inji. Tsohon ya san dalili sarai: hannunsa ya fara rawa. In zai ɗauki kofin shayi sai ka ji tausayinsa. In aska ta hau kai kuwa, rawar takan tsaya cak, amma wa zai miƙa kansa a gwada?

Ana saura mako guda hajjin 2016, Sa'ud ya same shi, yana magana yana kallon ƙasa. Ammi yake ce masa, wato baffa. "Ya ammi, in an gama aikin bana ka huta haka nan."

Uzairu ya ce, "Tayyib, shi ke nan." Amma maganar ta soke shi. 'Ya'yansa sun girma, ba yunwa yake gudu ba. Gidan da babu Rabi'a yake gudu, da yinin da ba ya ƙarewa.

Ranar Sallah, alhazai suka yi jifa suka malalo daga Mina, shago ya cika har titi. Ana cikin haka aka bugo wa Sa'ud waya: wasu manyan baƙi a wani gida nan kusa suna son wanzamai biyu, kuma askin aska suke so. Samarin nan ba wanda zai iya ɗaga ƙafa saboda cunkoso. Sa'ud ya dubi tsohon, ya daɗe yana dubansa, sannan ya ce, "Ammi, kai kaɗai gare ni. Don Allah a yi a hankali."

A falon gidan ya tarar da mutum biyu cikin harami, ɗaya dogo ɗaya kakkaura, kowa ya juya wa ɗan'uwansa ƙeya, kowa da zugar mutanensa a baya. Tafinta ya tare shi a ƙofa, ya leƙa bayansa. "Ina na biyun?"

"Ni ne na farko, ni ne na biyu."

Sai tafinta ya ja shi gefe ya warware masa. A ƙasarsu majalisa ce ke naɗa firaminista, zaɓen bara kuma ba jam'iyyar da ta sami rinjaye. Dole manyan jam'iyyu biyu da ba sa ga maciji suka yi gwamnatin haɗaka, suka raba ma'aikatu. Dogon ministan cikin gida ne, kakkauran na harkokin waje, kowa jigo ne a jam'iyyarsa. Tun daga jirgi komai a tare ake yi musu, mota biyu, ƙofa biyu, don kada labari ya koma gida cewa an fifita wani. In ɗaya ya yi fushi ya janye 'yan majalisarsa, gwamnati ta faɗi ke nan.

Kai, mutane da abin mamaki suke. Jiya-jiya a Arfa suna kuka, yau ana rigima a kan wanda za a fara yi wa ƙwal. Mutanen dogo suka ce nasu ne babba a muƙami, na kakkaura suka ce nasu ya girme shi. Wani ma ya ce a sallami tsohon a nemo wani shagon. In Uzairu ya koma da askarsa a naɗe, ya san ko ƙarshen hajjin ba zai kai a shagon ba.

Nan ne Rabi'a ta faɗo masa a rai. Lokacin da 'ya'yansu Awwalu da Mukhtaru suke ƙanana, kowace Juma'a sai sun yi dambe a kan wanda za a fara yi wa aski. Rannan ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu ta ce, "Malam, ka fara da ɗaya, ka riga gama wa ɗayan, mu huta."

Ya sa aka jera kujeru biyu kafaɗa da kafaɗa. Ya fito da aska biyu, ya ɓare wa kowace sabuwar reza a gabansu. Ya ce da tafinta, "Gaya musu ɗaya zai riga farawa, ɗaya zai riga gamawa. Su zaɓa."

Aka yi ƙus-ƙus, aka rasa abin kushewa. Ya jiƙa kan dogo, ya yi bisimilla. Hannun na rawa har reza ta taɓa fata, sai ya tsaya cak. Ya share ɓangaren dama tas, ya bar shi haka, ya koma kan kakkaura ya share nasa daman. Ministoci biyu suka zauna da rabin kai, ba mai damar tashi. Kakkaura ya saci kallon dogo, dogo ya saci kallonsa. Kakkaura ne ya fara tuntsirewa da dariya, har sai da Uzairu ya ɗaga aska ya jira. Kafin ya gama hagun ɗin biyu, na kakkaura sannan na dogo, suna ta hira da yarensu, kuma ko ƙwarzane babu a kan kowa.

Ko gwamnatin tasu ta ɗore ko ta rushe, Uzairu bai taɓa bin ba'asi ba. A hanyar komawa Rabi'a kawai yake yi wa addu'a, yana gode mata kamar tana jinsa, yana gode wa Allah da ya ba shi ita shekara talatin da shida.

An bugo wa Sa'ud waya daga gidan ana yabon aikin, amma bai janye maganar hutun ba. Kwana huɗu suka wuce, alhazai suka ragu. Uzairu ya wanke kayansa, ya fara naɗe su cikin tsohon tawul, don ba ya son sai an maimaita masa. Sai ya ji kujera ta yi ƙara. Sa'ud ne ya zauna, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, ya rufe ido.

"Ammi," ya ce, "warware kayan nan. Ka fara da dama."