Mayafin da Bitrus Ya Bari Ba Launi

Shekara bakwai ke nan da rasuwar maigidana, Bitrus, kuma zanen da bai ƙarasa ba yana nan rataye a falonmu a Sabon Gari. Duk baƙon da ya shigo sai ya tambaya me ya sa mayafin matar da ke cikin zanen ba shi da launi.

Bitrus malamin zane ne a makarantar sakandare. Sai da furfura ta fara fito masa ya koma karatu a jami'a a Samaru, wai shi sai ya iya fentin mai. Aikin da aka ba su shi ne kowa ya kwaikwayi wani tsohon zane, don hannu ya koyi yadda magabata suke yi. Ya zaɓi na wani Bature da ya daɗe da mutuwa, wata mata zaune bakin taga tana ɗinki. Abin da ya samu kawai fotokwafi ne, baƙi da fari, da ɗan bayani a ƙasa. Bayanin ya faɗi launin bango da na riga, amma bai ce komai a kan mayafi ba.

Ya sayo akoko a kasuwa, ya ɗame shi a kan katako. Ya fara da fenti ruwan ƙasa, ya jira ya bushe, ya ƙara wani, ya sake jira. Gidan nan kaf warin kananzir na wanke burushi, har tuwo sai da na riƙa jin sa a ciki. Kullum sai na buɗe taga. Hannun matar kaɗai ya kankare shi ya sake ban san sau nawa ba. Mayafin kuwa ya ƙi taɓawa. Shi yana zaton shuɗi ne, ni na ce ja ne.

Wata rana na gaji na ce, "Baban Saratu, ka shafa shuɗinka mana ka huta. Wa zai sani?"

Ya ce, "Maman Saratu, koyo nake yi, ba gyara ba. Sai na gani da idona."

Wani malaminsu da ya tafi Turai ya yi alkawarin kawo masa hoton mai launi. Kafin ya dawo ciwon hanta ya ɗauke Bitrus. Taurin kan nan nasa ya ba ni haushi a lokacin, kuma yau shi na fi kewa.

Ina yawan tunanin me zai ce da zamanin nan. Watan jiya 'yarmu Saratu, wadda ita ma zane take karanta a Samaru, ta ja ni gidan intanet. Abin da ubanta ya mutu yana jira, kafin in gyara zama ya fito a kan allo. Na san da zai yi murna, na kuma san da zai yi mita cewa yaran yanzu ba za su koyi jira ba.

Mayafin ja ne. Na juya gefena da maganar a bakina, "Ban gaya maka ba?" Wani ɗalibi ne zaune a wurin, ban san shi ba.

A hanyar gida Saratu ta ce, "Mama, in ƙarasa masa?" Na ce a'a, shi bai gani ba. Ban san ko na yi daidai ba. Washegari dai ta dawo daga kasuwa da sabon akoko, ta fara nata tun daga ruwan ƙasa. Gidan ya koma warin kananzir, kuma wannan karon ban buɗe taga ba.