Ranar da Motar Haggai Ta Je Golmo

Duk wanda ya san unguwar Rikoto a Zuru ya san Haggai, wanda bai san shi ba kuma ya san motarsa. Baƙa ce wuluk, mai ƙofa biyu, da kujeru biyu na kirki a gaba da wasu biyu a baya waɗanda ko akuya sai ta naɗe ƙafa kafin ta zauna. Cikinta kamar ya shafi ƙasa. An ƙera ta ne don gudu a titi mai santsi, sai rabo ya kawo ta Zuru, inda in an zo wajen ramuka kaza ma wuce ta take yi.

Shagona na taki da maganin ciyawa yana kallon ƙofar gidansa, don haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji ba.

Haggai ɗan wani soja ne. Tun yana ƙarami shi ke goge takalman mahaifinsa, ya tofa yawu, ya murza da tsumma har sai ya ga haƙoransa a jikin fatar. Da ya girma ya nemi shiga soja, aka auna ƙirjinsa aka ce ya je gida ya ƙara cin tuwo. Sai ya tafi Kaduna ya yi wa wani ɗan kwangila tuƙi. Shi da abokansa, su huɗu suka tafi neman abin kansu. Ɗaya ya dawo da injin niƙa, ɗaya ya sayi fili, ɗaya ya yi wa uwarsa rufin kwano. Haggai ya dawo da wannan mota 'yar Kwatano, ya buɗe ɗan shagon buga takardu wanda yake zuwa a ƙafa, don kada motar ta sha wahala.

In ana maganar wankin baƙar mota, gaskiya ba a Zuru kaɗai ba, ko a Birnin Kebbi ban ga na biyunsa ba. Tsummokinsa bakwai ne, na ƙirga su a kan igiya, kuma kowanne da aikinsa. Na taya ba ya hawa jiki, na gilashi ba ya sauka ƙasa, wanda ya faɗi a ƙasa kuwa ya gama aiki a duniya. Bokiti biyu yake ajiyewa, ɗaya na kumfa ɗaya na ɗauraye tsumma. Daga rufi yake farawa ya gangaro. Ba ya wanki da rana, wai ruwa na bushewa ya bar tabo. Ba ya amfani da garin sabulu, wai yana cinye ƙyalli. Ruwan burtsatse ma bai yarda da shi ba, saboda yana barin ɗigo fari-fari, shi ya sa ya jera duro uku a gindin indararo yana tarar ruwan sama. Shi kansa ruwan burtsatsen yake sha. Motar ce ba ta sha.

"Maƙwabci," yakan ce mini yana shafa mata mai da ɗan yatsa a naɗe cikin tsumma, "baƙin fenti ba ya yafiya. Ka share shi a bushe sau ɗaya, gobe rana ta fito ka ga zane kamar saƙar gizo."

Akwai wani itacen dogon yaro a ƙofar gidan, wanda tsofaffin unguwa ke zama a ƙarƙashinsa. Tsuntsaye suka yi wa motar kashi, Haggai ya kira mai sara. Da itacen ya faɗi sai rana ta samu motar, ya koma ya yi mata rumfar kwano. Tsofaffin suka ƙaura zuwa bakin shagona, suna hangen rumfar suna yi masa addu'ar da ba zan rubuta ba.

Abu ɗaya ne Haggai ya taɓa so wanda ba shi da taya, wato Leah. Malamar firamare ce, tana waƙa a cocinsu, doguwa, mai dariya da ƙarfi. Ya so ta da gaske, wannan ba zan hana shi ba. Ita kaɗai ce ta taɓa zama a kujerar gaba, ko da yake sai da ta kakkaɓe takalmi, aka kuma koya mata rufe ƙofa ta wajen mariƙi don kada tafin hannu ya fito a fenti.

"Haggai, in na yi atishawa fa?" ta tambaye shi ran nan ina ji.

"Ki juya waje."

"Gilashin a rufe yake."

"To ki daure."

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Lokacin dariya abin yake ba ta.

Da maganar aure ta taso, mahaifinta Baba Joel, manomi ne a wani ƙauye a gindin dutse, ya aiko da sharaɗi ɗaya. A da, saurayi kan yi shekaru yana yi wa surukinsa noma tare da abokansa kafin a ba shi mata, abin da ake kira golmo. Baba Joel ya ce shi ba ya neman shekaru, zamani ya wuce nan. Yini ɗaya yake so. Haggai ya zo da abokansa su yi masa noman dawa, ya ga yadda yaron ke riƙe fartanya, ya ga yadda yake zama da mutane. In ya gamsu, a sa rana. In bai gamsu ba, kowa ya kama gabansa.

Na ba Haggai shawara mu tafi a babur. Damina ce, hanyar kuwa jar laka ce zalla. Ya ƙi. Ƙauyen nan kowa ya ji labarin motar, ba wanda ya taɓa ganin ta, shi kuma ba zai je gidan surukai a bayan wani yana riƙe da ƙugunsa ba. Haka muka tafi: ni da Lukuman mai fentin mota a kan babur ɗina, fartanyoyi uku a ɗaure a baya, Haggai a gaba shi kaɗai a mota, don ƙarfen noma ba ya shiga cikinta.

An yi ruwa da asuba. Kafin mu isa, baƙar mota ta koma ja tun daga taya har rufi. Ya fito ya zagaya ta yana cije leɓe. Ya zo da jarkar ruwan samansa da tsummoki, yana shirin farawa, sai ga Baba Joel a bakin ƙofa da fartanya a kafaɗa.

"Sannunku da zuwa. Gona ba ta jira, 'ya'yana."

Lulluɓe ta da tamfol ma ba zai yiwu ba, don laka a ƙarƙashin tamfol gurza fenti take yi. Sai ya ja Leah gefe ya raɗa mata cewa kada kowa ya taɓa. Ta ce ta ji. Ta shiga ɗakin girki, daga baya kuma ta ɗauko mana abinci zuwa gona, maganar ta tsaya a cikinta.

A gona, gaskiya, Haggai ya ba ni mamaki. Na yi layi goma sha ɗaya, Lukuman ya yi tara, shi ya yi huɗu, yana yi yana waiwayen ƙauye. Amma tafin hannunsa ya yi bororo ya fashe, bai ajiye fartanya ba. Baba Joel ya lura. Da muka zauna cin tuwo, tsohon ya tura masa tsokar da ta fi girma, ya ce, "Layinka a karkace yake kamar tafiyar mai burkutu, amma ba ka gudu ba. Wanga yaro zai iya riƙe gida." Leah ta sunkuyar da kai tana murmushi. Na taɓa Lukuman da gwiwar hannu. A wurina an gama, saura sa rana.

Abin da ba mu sani ba shi ne, a gida an bar Mama Rachael, mahaifiyar Leah, ita da motar.

Mama Rachael mace ce da aka san ta da tukwane. Duk ƙauyen babu mai gindin tukunya irin nata, in ana biki nata ake ara don a ajiye a gaba. Ta fito ta ga motar surukinta ta yi buɗu-buɗu da laka, rana kuma ta gasa lakar ta kama. Ta ce a ranta, yaron nan yana can yana zubar da gumi a gonarmu, a ce ya bar gidana da abin hawansa haka? Abin kunya ne. Sai ta ɗebo toka a murhu, ta haɗa da yashi mai laushi, ta ɗauko sabon soson waya, wanda ko tukunya ɗaya bai taɓa ba. Don girmamawa ta zaɓi sabo.

Da la'asar muka dawo muna raha. Muna shan kwanar rumbu, Haggai ya tsaya cak.

Gefen fasinja duka, daga fitilar gaba har ta baya, da rabin murfin inji, sun koma launin toka, da zane zagaye-zagaye kamar gindin faranti. Mama Rachael tana durƙushe wajen tayar baya, ta ɗaure zani a ƙugu, gumi na ɗiga daga haɓarta.

"Ɗana, sannu da aiki!" ta ce tana miƙewa da ƙyar. "Ka ga na ɗan rage maka. Ita wagga mota taurin kai gare ta. In na zuba ruwa sai ta yi baƙi gwanin kyau, da ta bushe sai ta yi fari. Sai in ƙara toka in sake bi."

Lukuman, wanda ya san abin da idonsa ke gani, ya ce a hankali, "Inna lillahi." Sannan ya matsa kusa da Haggai ya raɗa masa, "Mutumina, ana sake feshi. Ka yi shiru. Wallahi ni zan yi maka."

Haggai ya juya wajen Mama Rachael. Ya rusuna, ya ce da wata murya kamar ta wanda aka taka wa ƙafa a coci, "Na gode, Mama. Allah ya saka."

Na sauke numfashi. Baba Joel ya gyaɗa kai. Da a nan aka tsaya, da yau ina ba ku labarin shinkafar biki.

Amma Mama Rachael ba ta barin aiki rabi. Ta ce, "A'a, godiyar mi tun yanzu? Saura gefe guda." Ta dangwali toka da soson, ta zagaya wajen ƙofar direba, inda laka ke lulluɓe da fentin da bai ji ciwo ba, ta ɗaga hannu.

Mutumin da ya yini yana jan ƙafa a gona, ban san inda ya samo wannan tsalle ba. Kafin soson ya sauka ya cafke wuyan hannunta.

"Ke tsohuwa! Kina da hankali kuwa?"

Soson ya faɗi. Matan da suka leƙo ta kan danga kallon mota suka kama baki. A wurinmu suruki ko ido ba ya haɗawa da uwar matarsa sai da dalili, balle ya riƙe mata hannu, balle a tsakar gidanta, a gaban mijinta.

"Sakar mini mata," in ji Baba Joel. Bai ɗaga murya ba.

Haggai ya saki. Leah ta ajiye kwanukan da ke kanta, ta zo ta kama hannun uwarta ta buɗe. Toka ta cinye fatar yatsun, waya ta yanke ta wuri biyu.

"Haggai, dubi hannunta."

Ya duba, amma idonsa bai daɗe ba ya zame ya koma kan murfin inji.

"Tun safe take durƙushe a rana saboda kai. Na ce ka dubi hannunta."

"Leah, ba ki gane ba ne," ya ce. "Fentin kamfani ne."

Mama Rachael ce ma ta fara ba shi haƙuri, tana cewa ba ta sani ba, a yafe mata, wannan kuwa ya fi zagi ciwo. Leah ta ja ta suka shige ɗaki. Baba Joel ya dube ni ya ce, "Kun yi aiki, na gode. Ku kama hanya kafin hadarin can ya iso."

Bayan haka an yi abin da aka saba. Dattawan coci sun je, kawun Haggai ya je, shi ma ya je ya durƙusa, a babur wannan karon. Baba Joel ya ce ya yafe. Mama Rachael ta ce ita ba ta riƙe shi da komai ba, har ta ba shi gyaɗa ya taho da ita. Aka kira Leah aka tambaye ta. Ta ce ita ma ta yafe, amma ba za ta aure shi ba. Aka ce ta yi tunani, kuskure ne na ɗan lokaci. Ta ce riƙe hannun kuskure ne, ta yarda. Abin da ya faɗa bayan ya ga jini kuwa, da hankalinsa ya faɗe shi.

Lukuman ya cika alkawari, ya zo da kayan feshinsa. Haggai ya hana, wai fentin Zuru ba zai hau jikin motarsa ba, sai ya sami wanda zai yi daidai da na asali. Har yau ana nema. Sai ya juya ta a cikin rumfa, ya manna gefen da ya lalace da bango, ya ɗora tawul a kan rabin murfin inji. In ka biyo ta layinmu, abin da za ka gani mota ce baƙa mai ɗaukar ido, ba ka ce komai ya taɓa samun ta ba.

Ranar Asabar da ta wuce na same shi yana shafa wa ƙofar direba mai, yana ja da baya yana karkata kai. Ya rame kaɗan. Na gaishe shi, na tambayi aiki. Sai ya nuna ƙofar da haɓa.

"Maƙwabci, ka faɗi gaskiya. Da na bari ta sa soson nan, da wannan ma ya tafi. Ka ga dai na ceci gefen nan."

Na ce, "Ka cece shi kam."